Kaset Ɗin Da Kowa Ya Ƙi

Shekara ashirin da wani abu ke nan kuna riƙe da kakarku Inna a zuci kan laifin da ba ita ta aikata ba, ni kuma ina jin ku ina yin shiru. Ko a bikin autarku na ji ɗayanku yana ba matarsa labari, wai Inna ce ta sa aka fitar da gem ɗin Babanku, na'urar wasan nan da ake haɗawa da talabijin, daga gidan nan. Na ji shi sarai, na ci gaba da raba goro kamar maganar ba ta shafe ni ba. Inna ta koma ga Allah ba ta san ana ɗora mata wannan ba. Ni ma yanzu gwiwoyina sun fara gaya mini gaskiya, don haka gara in rubuta muku yadda abin ya faru tun hannuna yana iya riƙe biro.

A shekara ta biyu da aka yi mana jiha abin ya same mu. Muna nan Tudun Wadar Gusau, Babanku yana jan motar haya tsakanin Gusau da Sakkwato, wata rana ma sawu biyu. Mutum ne da bai iya zama ba. Ko tuwo sai na yi da gaske yake zama ya ci, yana ci yana kallon ƙofa. Wata Talata taya ta fashe masa gab da Bungudu, motar ta wuntsila cikin rami. Fasinjoji Allah ya tsare su, ba wanda ya wuce ƙujewa da targaɗe, shi kuwa ƙashin bayansa ne ya taɓu. Ya yi wata biyu a asibiti, aka dawo mana da shi kwance kan katifa a bayan a-kori-kura. Likita ya ja ni gefe ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai dai wani ikon Allah. Inna, mahaifiyarsa, ta tattaro 'yan kayanta daga 'Yandoto ta dawo wurinmu, don ta taya ni jinya.

Kun san yadda muke dubiya, kuma ba zan ce mutane ba su kyauta mana ba. 'Yan tasha sun zo, dangi daga 'Yandoto da Ruwan Bore sun zo, har fasinjojin da ya saba ɗauka sun zo da lemo da kwano a hannu. Kowa ya shigo sai ya rage murya, ya karyar da wuya, ya ce sannu Mamman, ya jiki. Shi kuma dole ya ce da sauƙi, ko da sauƙin ko babu. Haka za a yi ta yi tun hantsi har la'asar. Na ga mutumin da muryarsa ke cika tasha ya koma ba ya iya cewa komai sai da sauƙi, da na gode. Akwai abokinsa Alhaji Bawa, ɗan kamasho a tasharsu, wanda tun suna samari suke kafsa dara, kuma a sau goma da ƙyar Babanku ke cin uku. Alhaji Bawa ya zo da allon dara don ya ɗebe masa kewa. Suka buga, Babanku ya ci. Suka sake, ya ci. A na uku ina kallo ya tsaya yana duban fuskar abokinsa, sannan ya sa hannu ya ture 'ya'yan darar.

“Bawa, ɗauke abin ga,” in ji shi. “Yaushe ka zama wanda ni ka ci sau uku a jere?”

Alhaji Bawa ya yi ta rantse-rantse, Babanku ya juya fuskarsa bango. Ni a lokacin cewa na yi ciwo ne ya sa masa saurin fushi, har na bi Alhaji Bawa zaure ina ba shi haƙuri.

Baffanku Isah ne ya kawo gem ɗin. Lokacin yana da ɗan shagon gyaran rediyo a Bungudu, kuma shi ne ya je ya ga abin da ya rage na motar, ya ciro batir, don shi kaɗai ya fita lafiya. Wutar lantarki a unguwarmu sai ta ga dama take zuwa, shi ya sa Isah ya yi dabara irin tasu ta masu gyara, ya haɗa na'urar da wata 'yar talabijin mara kala duk a jikin batir ɗin. Ba ruwansu da wutar gida. Idan batir ya yi sanyi ya zo ya ɗauka ya kai caji, ya bar wani a madadinsa. Kaset uku ya kawo. Na farko na tseren mota ne, Babanku ya kalle shi sau ɗaya ya ce a cire. Na biyu na ƙwallo, shi ma bai kai minti biyar ba. Isah ya ɗaga na ukun yana sosa ƙeya.

“Yaya, wanga kam gyara anka ba ni shi. Mai shagon ya ce dut wanda ya ɗauka, kwana biyu ya maido shi shina zagi. Wai ba a cin shi.”

“Sa shi mu gani,” in ji Babanku.

Bari in gaya muku yadda wasan yake, don kuna ƙanana lokacin, kuma ba na barin ku ku daɗe a ɗakin. Wani ɗan mutum ne da takobi da garkuwa, ya farka bakin rijiya a wani gari da ya rushe. Zai yi ta yawo yana neman makullai da ganyen magani da sulke, yana yaƙi da duk abin da ya tare shi. Ƙofofi bakwai ne a garin, kowace da mai gadinta, kowane mai gadi ya fi na baya mugunta. Sara uku aka yi wa ɗan mutumin ya faɗi, kuma in ya faɗi sai a komar da shi bakin rijiya, duk tafiyar da ya yi ta tashi a banza. A yinin farko Babanku bai wuce wani kare da ke bakin hanya ba. Na ce a raina wannan ma gobe zai bi sahun 'yan'uwansa. Washegari tun ban gama dama koko ba ya ce in miƙo masa sitiyari, sunan da ya sa wa abin latsawar ke nan.

Kwana goma sha ɗaya ya yi kafin ya kayar da mai gadin farko. Ina tsakar gida ina wanki na ji ya ƙwala mini kira da muryarsa ta tasha, wadda rabona da jin ta tun kafin haɗarin. Na shigo a guje hannuna duk kumfa, na zaci wani abu ne ya same shi. Ashe layi biyu ne na haruffan boko da lambobi suka fito a talabijin. Isah ya riga ya gaya masa cewa mabuɗi ne: in an rubuta su, ko an kashe na'urar, da an sake shigar da su za a ci gaba daga ƙofar da aka tsaya. Babanku kuwa allo ya yi, bai yi boko ba. Ni ce na gama firamare, don haka aikin ya faɗo kaina. Na ɗauko sabon littafin rubutu na ja layi, na rubuta Ƙofa ta Ɗaya a sama, na kwafe haruffan ɗaya bayan ɗaya yana ta cewa in duba da kyau. Daga ranar kullum da safe ni ke shigar masa da mabuɗi kafin in ɗora girki. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin wannan aikin, don shekara goma sha huɗu da aurenmu ban taɓa ganin ya buƙaci karatuna ba sai lokacin.

Masu dubiya ba su fasa zuwa ba, sai dai yanzu sun sami abin magana, kuma kowa ya zo sai ya yanke wa wasan hukunci. Alhaji Bawa ya karɓi sitiyarin ya gwada, karen nan ya kashe shi sau huɗu, ya ajiye ya ce wannan cuta ce tsagwaronta, an shirya shi ne don kada kowa ya ci. Maƙwabcinmu malamin makaranta ya gyara tabarau ya ce waɗanda suka ƙera shi ba su san aikinsu ba, don wasa an yi shi ne domin a huta, wanda kuwa zai sa mutum gumi da cizon leɓe ya tashi daga wasa. Wasu samarin tasha da suka saba da gidajen gem na cikin gari suka ce sun san kaset ɗin, ba mai taɓa shi, ko kyauta aka ce su buga ba sa so. Inna kuwa nata daban ne. Ba ta son ganin abin da zai mutu ya tashi, ya mutu ya tashi, ta ce wannan wasa da mutuwa ne, kuma ba ta zama a ɗakin in an kunna. A gaban kowa take faɗa, har ku ma kun ji ta, kuma daga nan kuka ɗauko zarginku. Babanku bai taɓa yi wa kowa gardama ba. In an gama sukar sai ya ce haka ne, shina da wuya, ya ci gaba da latsawa.

Abin da ba ku ji ba shi ne abin da Inna ta faɗa mini a madafa, ranar da na fara yi mata ƙorafi ina neman ta goya mini baya.

“Kulu, ni ba ni son abin ga, Allah ya sani. Amma duba kwanonai. Da can sai mu yi ta lallashi ya ci loma uku, yanzu shina siɗe kwano. Ki bar mai abinai.”

Da na ji maganar tsohuwar nan da ban zauna ina rubuta wannan ba. Amma ni mace ce mai gudun bakin mutane, tun ina yarinya haka nake, kuma wannan halin ya ci ni fiye da sau ɗaya. Wata rana yayan Inna ya zo daga 'Yandoto da wasu dattawa biyu, sun sha hanya don su duba shi. Suka iske shi yana tsakiyar yaƙi da mai gadi na shida, wanda ya yi kusan wata yana fama da shi. Ya amsa sallama, ya ce su yi haƙuri kaɗan, idonsa bai bar talabijin ba. Dattawan nan suka zauna suna kallon magidanci mai 'ya'ya huɗu yana cije baki yana karkata kafaɗa. Ya kayar da mai gadin, ya yi kabbara, ya kira ni in kawo littafi, sannan ya waiwaya ya gaishe su yana haki yana dariya. Ko ruwan da na kai musu ba su sha ba. Bayan mako guda na je suna a maƙwabta, ina shiga ɗaki na ji wata tana cewa mijin Kulu ai ba ƙafafun kaɗai ba ne, kan ma ya taɓu, ya koma yaro. Da suka gan ni aka sauya magana. Na juyo gida. Kunya ce ta kama ni, ba tausayinsa ba, kuma sai da na tsufa na iya bambanta su.

A makon aka shirya kai shi Tsafe wurin wani mai maganin gargajiya da aka yi ta yaba mana. Ana gobe za su tafi ya ce in ɗauko littafin.

“Ja layi, ki rubuta Ƙofa ta Bakwai. Na gane lagon mai gadinta, da hagu shika buɗe jiki. In na dawo, kwana biyu ya ishe ni.”

Na ja layin na rubuta, alhali na riga na gama shawara a zuciyata. Da safe Alhaji Bawa ya zo da mota, aka ɗauke shi, Inna ta bi su. Da hantsi Isah ya iso da batir ɗin da ya kai caji. Na ce ya kwance komai ya tafi da shi Bungudu, da na'urar da talabijin da batir. Ya tsaya yana kallona, ya ce ƙofa ɗaya ta rage wa Yaya. Na ce ni ke kwana da jinyar nan, ni ke jin abin da ake faɗa a gari, kuma in yana ganin girmana a matsayin matar yayansa ya yi abin da na ce, ya kuma kama bakinsa. Ya kwance wayoyin a hankali, ya fita bai yi mini sallama ba.

Da la'asar suka dawo. Aka kwantar da Babanku, ya dubi kusurwar da kayan suke ya ga wayam. Na riga na tanadi ƙaryata. Na ce an kawo wuta da ƙarfi ta ƙone na'urar, Isah ya tafi da ita ko za ta gyaru. Ya daɗe yana kallon kusurwar, sannan ya dube ni ya ce to. Iyakar abin da ya ce ke nan. Inna ta kalle ni ta fita.

Na sami abin da nake so. Ya koma majinyaci irin wanda mutane suka saba gani, kwance shiru, a ce sannu ya ce da sauƙi. Masu dubiya suna fita suna yaba haƙurinsa. Kwanon tuwo ya koma dawowa kamar yadda aka kai shi. Da can saboda wasan yakan sa a tayar da shi a jingina shi da bango yini guda, yana motsa kafaɗu da hannuwa, yanzu kuwa ko juya shi za a yi sai ya ce a bar shi. Gyambon kwanciya ya fito masa a ƙugu, muka yi ta magani yana ƙara ci, zazzaɓi ya biyo baya. Kullum ina cewa gobe zan aika wa Isah, kullum kunyar ƙaryar da na yi tana hana ni, don in na'urar ta dawo lafiya me zan ce masa. Haka na ɓata wata biyu cur.

Wata rana bayan azahar ina wanke masa gyambon, fuskarsa tana bango, sai ya yi magana a hankali.

“Kulu, shekara ashirin ina aiki da batir. Batir ba shi ƙona kaya. Abin ga ko sau ɗaya ba a taɓa sa shi ga wutar gida ba.”

Tsumman ya faɗi daga hannuna. Tun ranar farko ya sani, ya bar ni da ƙaryata don kada ya kunyata ni a gaban uwarsa. Na fara kuka ina cewa mutane ne, maganar mutane ce ta yi mini yawa. Ya ce ya sani, shi ma yana da kunne. Na ce to me yake samu a cikin abin da kowa ya ce azaba ne.

“Gaskiya sunka faɗi, shina da wuya. Don haka ni ka son shi. Tun da anka kawo ni ɗakin ga kowa sannu shika ce man. Bawa ya bar man dara. Ke kanki kin bar yi man faɗa. Wasan ga shi ɗai na bai san ni gurgu na ba. In na yi sake ya kashe ni, awa yadda shika kashe kowa. In kuwa na ci, to ni na ci, ba a bar man ba.”

Washegari da sassafe na shiga motar Bungudu, karo na farko da na bi hanyar tun haɗarin, na wuce ramin ban iya kallonsa ba. Ina tsoron Isah ya sayar da kayan. Da ya gan ni sai ya sunkuya ƙarƙashin teburin aikinsa ya jawo buhu. Komai na ciki a naɗe, batir ɗin ma ya ce duk mako yana ba shi caji. Muka dawo tare, ya haɗa wayoyin, muka tayar da Babanku muka jingina shi da matasai. Na buɗe littafin na shigar da mabuɗin ƙofa ta shida, ɗan mutumin ya fito da takobinsa yana fuskantar ƙofa ta bakwai. Na sa wa Babanku sitiyarin a hannu. Ya riƙe, ya kafa babban yatsansa, yatsan ya yi ta rawa bai iya dannawa ba. Ya sake gwadawa, abin ya zame ya faɗi kan cinyarsa. Zazzaɓin ya riga ya cinye hannuwan. Isah ya tashi ya fita tsakar gida.

“Ɗauki ki gwada,” in ji Babanku.

Ban taɓa bugawa ba, shigar da haruffa kawai na iya. Na ɗauka na tura ɗan mutumin gaba, mai gadin ya fito, kafin in gane ina ne hagu ya sare ni sau uku, aka komar da ni bakin rijiya. Sai na ji Babanku yana dariya, ƙaramar dariya mai haɗe da tari, ta farko a wata biyu.

“Kin gani ko? Ke ma bai tausaya maki ba.”

Bayan kwana tara ya rasu, ranar Alhamis da hantsi, Inna tana riƙe da kansa. Ban ce rashin wasan ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, kuma na yarda da haka. Amma wata biyun nan da ya yi yana kallon bango ni na ba shi su, kuma da ban yi ba da ya yi su a zaune yana gumi yana cin tuwonsa. Ya yafe mini kafin ya tafi, da bakinsa ya faɗa. Inna ma ta sani tun ranar, kuma har ta mutu ba ta taɓa goranta mini ba, ko da wasa. Ni ce na ji kuna zargin ta na yi shiru, don har a lokacin ina gudun a ce. Ku nema mata gafara, ku cire ta daga wannan maganar.

Na'urar ta daɗe da lalacewa, kaset ɗin ma ban san inda ya shiga ba. Littafin dai yana nan a ƙasan akwatina, cikin zanen aurena, duk wanda ya buɗe bayan raina zai gan shi. Shafi shida ne cike da haruffa. A na bakwai akwai layin da na ja da hannuna da sunan ƙofar a sama, ƙasansa kuma babu komai.